Makullin da Aka Ciro daga Tumbin Sa

Ni mahauci ne, ɗan mahauci. A Garwa aka haife ni, a nan kuma kakana ya sauke kayansa da ya taso daga ƙasar Kano. Na yi lekol, wato makarantar boko, har na iya karanta Faransanci idan an rubuta shi da kyau, sannan mahaifina ya cire ni ya miƙa mini wuƙa. Abin da zan rubuta ya faru ne bayan an karya darajar kuɗinmu na sefa, a shekarun da zargina, 'yan fashin hanya, suka hana kowa sakat tsakanin Garwa da Tuboro. Zan faɗe shi yadda ya biyo juna, domin masu ba da labarin yanzu da tsakiya suke farawa.

Ina da kawu, yayan mahaifiyata, dillalin shanu a kara, wanda mutane ke kira Alhaji. Mai masauki ne kuma. Idan Bororo suka koro shanu daga daji, a gidansa suke sauka, shi yake ciyar da su, shi yake tsaya musu a ciniki, shi yake ɗaukar lamunin cewa dabbar ba ta sata ba ce. Dillali ba shi da shago, ba shi da sa ko ɗaya nasa na kansa. Maganarsa ita ce jarinsa. Idan Kawu ya ce daga wuri kaza sa ya fito, mahauci yakan yanka ba tare da ya ƙara tambaya ba. Ya tsufa a wannan aiki ba a taɓa mayar masa da magana ba. Yana da kaifin baki, ba ya raga wa ƙananan dillalai, yakan gyara musu ciniki a gaban baƙinsu, kuma sun riƙe wannan.

Wata ranar kasuwa na sayi jan sa mai dogon ƙaho ta hannunsa. Mai shi wani Bororo ne siriri, ya tsaya can gefe da sanda a kafaɗa, ni kuwa ban kula shi ba. Kawu ya ce daga yankin Tuboro aka koro san. Washegari da asuba muka yanka.

Aikin mayanka yana da tsari. A yanka, a feɗe, a fitar da kayan ciki, a raba nama. Ƙirgi kuwa ba ya jira, masu ganda ne ke saye su loda a mota su nufi Najeriya tun kafin rana ta yi zafi. Kai da ƙafa na mata masu dafuwa ne, su ma nan take suke babbakewa. Saboda haka kafin hantsi babu abin da ya rage na wannan sa da za a iya gane shi da shi, babu shaidar wuta a cinya, babu yankan kunne. Haka ake yi wa kowane sa, ba nawa kaɗai ba.

Mai wanke mana tumbi wata dattijuwa ce da dukanmu muke kira Goggo. Akwai dokar da muka taras a mayanka: duk abin da aka samu a cikin tumbi na mai wanki ne. Saniya ba ta tantance abin da take haɗiya, kuma ƙarfe idan ya shiga ba ya fita, yakan zauna a ɓangaren nan mai ramuka kamar saƙar zuma har ranar yanka. Goggo ta sha ciro ƙusa da waya da tsumma da leda, har da cokali. A wannan rana ta ciro makulli, da zobe, da wani faifan ƙarfe kamar girman babban yatsa a jikinsa. Ya yi baƙi ƙirin, ya kuma nutse cikin naman tumbin har sai da ta sa wuƙa. Ta goge shi da toka da lemun tsami, sai ga shi ya fito rawaya yana ƙyalli. Ta ɗaga murya ta ce zinariya ta samu.

Mutane suka taru. Wasu suka ce dokar tumbi ta ƙusa ce da cokali, ba ta kai ga zinariya ba, abu mai daraja na mai sa ne. Goggo ta ce duk wanda yake so ya zo ya ƙwata, ta ƙulle shi a bakin zanenta. Na ce a fara sanin mene ne, sannan a yi maganar na wane ne. Da muka tashi daga aiki muka tafi wurin maƙerin zinariya a babbar kasuwa, tana gaba ina baya, hannunta a kan ƙullin.

Maƙerin ya goga faifan a kan baƙin dutsensa, ya ɗiga ruwan gwaji, ya duba, ya yi dariya. Ya ce tagulla ce, ko lemun da ta matse a kai ya fi shi tsada. Ya ƙara da cewa irin wannan ba makullin gida ba ne, na otel ne, shi ya sa aka rataya masa nauyi da lamba. Goggo ta kwance shi ta cilla mini, ta ce ga gadona, in je in ci. Maganar daraja ta mutu a nan.

Maganar asali ba ni na tayar da ita ba. Washegari a mayanka aka ce in karanta abin da ke jikin faifan, tun da ni ne mai lekol. A fuska ɗaya lamba ce, sha bakwai. A ɗaya fuskar rubutun ya lalace, sai guntun suna da wasu ƙananan baƙaƙe da ba sa karantuwa, amma a ƙasa sunan garinmu ya fito sarai yadda Faransawa suke rubuta shi. Na karanta da ƙarfi domin da ƙarfi aka tambaye ni.

A cikin masu sauraro akwai wani dillali, dogo, matashi a kan Kawu, wanda ya daɗe yana zagaya baƙin Kawu da goro da sukari bai samu ko ɗaya ba. Ya karɓi makullin ya jujjuya, ya ce ikon Allah, sa daga Tuboro amma cikinsa ɗan Garwa. Wani mahauci ya ce ai san Alhaji ɗan gayu ne, da ya iso gari bai yarda da turke ba, otel ya kama. Aka yi dariya, ni ma na yi, domin a lokacin wasa ne. Kafin azahar wasan ya isa kara, kuma a hanya ya daina zama wasa.

Ba a daɗe ba sai ga wani mutum daga unguwar Jambutu, tsohon ma'aikacin duwan, wato kwastan, da ya yi ritaya. Ya ce yana da jan sa mai dogon ƙaho da ake fita da shi kiwo cikin garken unguwa, ya ɓace makonnin baya, ya nema har ya gaji. Ya ce ya ji an yanka sa mai makullin Garwa a ciki. Bai faɗi wanda ya kai masa labari ba, amma a kan babur ɗin dogon dillali ya iso.

Aka kai magana gaban Sarkin Fawa. Abu na farko da ya ce shi ne kada kowa ya doshi jandarma. Kowa ya gane dalili. A waɗannan shekaru wanda aka kama da shanun sata da zargina ake lissafa shi, kuma wanda aka tafi da shi a kan wannan zargi ba kullum yake dawowa ba. Abu na biyu, ya ce ni ne mai sa, ni ne mai karatu, in je in gano ƙofar da makullin nan yake buɗewa, in dawo in faɗa a zaurensa.

Na yi tambaya a wurin masu wanki da guga, su suka tura ni wurin wani tsoho Kirista, mutumin duwatsu, wanda ya yi wa Turawa aikin kuku tun yana saurayi. Na same shi a ƙofar gidansa yana gyaran kujera. Da na miƙa masa makullin bai ko nemi tabarau ba. Ya ce na otel ɗin da ya yi aiki ne, wanda ke kan gangaren da ya nufi kogin Binuwai, an rufe shi shekaru da yawa, rufin ma an kwashe. Ya ce ɗaki na sha bakwai shi ne na ƙarshen baranda, kusa da mangwaro, wanda famfonsa ba ya rufuwa.

Sai ya tambaye ni inda na samo shi, na gaya masa. Ya yi dariya har da tari, sannan ya faɗi magana ta biyu. Ya ce makullan nan kullum cikin ɓata suke. Baƙo yakan sa a aljihu ya manta ya hau mota. Masu sauka a wurin kuwa ma'aikatan kamfanin auduga ne da Turawa 'yan farauta, kuma dukansu hanyar Tuboro suke bi. Mai otel ya yi ta zagi, ya sa a yanko sabo. Ƙananan baƙaƙen da na kasa karantawa, in ji shi, roƙo ne cewa wanda ya tsinci makullin ya jefa shi a akwatin gidan waya, amma bai taɓa ganin ko ɗaya ya dawo ba. Ya ce a jujin kowane sansanin 'yan farauta za a iya samun irinsa, shanu kuwa suna son juji saboda gishirin gwangwani.

Na roƙe shi ya zo ya faɗi wannan a zauren Sarkin Fawa. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ni da na yi rayuwata ina zuba wa mutane giya, dattawanku za su ɗauki maganata a kan Musulmi?" Ni ma na san ba za su ɗauka ba. Da zan tafi ya ce idan an gama da makullin in sayar masa, zai ba ni kuɗin kwalba ɗaya, yana so ya rataya a ɗakinsa. Duk tsawon wannan magana shi kaɗai ne ya taɓa taya shi.

Daga nan na bi ta tsohon otel ɗin domin in gani da idona. Bango ya tsattsage, ƙofofi babu, filin ya zama jujin unguwa. Na ga kashin shanu sabo da tsoho, na ga garken gari yana ratsawa zuwa kogi, wasu suna tsayawa suna lasar ƙasa. Wannan ma gaskiya ne, kuma na riƙe shi.

Kafin ranar zama na je wurin Kawu. Na same shi a zaure yana yanke farce da reza. Na faɗa masa abin da kuku ya ce, na farko da na biyu, na faɗa masa abin da na gani a fili. Sannan na ce hanya mafi sauƙi ita ce ya aika a kira Bororon nan, ko ya faɗi inda rugarsa take a tura mutum.

Ya ce ba zai yi ba. Ya ce mutumin ya sayar da shanu ba ɗaya ba, ya koma daji da kuɗi a jikinsa, yana da yara ƙanana. Zargina suna da kunne a kara. Idan aka ambaci rugarsa da safe a gaban mutane, kafin dare an ɗauke masa ɗa, sai ya sayar da garken gaba ɗaya ya fanso shi, in ma an ba shi da rai. Na ce to a faɗa wa Sarkin Fawa shi kaɗai. Ya ce Sarkin Fawa yana da mata da surukai da masu yi masa fifita.

"Baƙona ne," ya ce. "A gidana ya ci, a gidana ya kwana. Tun kafin uwarka ta yi aure nake cewa daga wuri kaza, a ce to. Yau ƙarfen da saniya ta haɗiye ne zai ƙaryata ni?"

Ya ɗauka maganarsa za ta isa, kamar kullum. Da wannan zaton ya sa farar riga ya tafi zaman.

Bayan la'asar aka zauna. Sarkin Fawa yana kan buzu, manyan mahauta da dillalai sun cika zauren, mutumin Jambutu yana kan kujera domin ya ce gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa. Aka ce in yi magana. Na fara da maƙeri, na zo kan kuku, na faɗi otel ɗin da lambar ɗakin, na faɗi garken da na gani a filin. Zauren ya ɗauki guna-guni, mutumin Jambutu ya ce ta nan ake bi da garkensu kullum. Na ce ban gama ba. Na faɗi magana ta biyu, cewa baƙi sukan tafi da makullan a aljihu, kuma yawancinsu hanyar Tuboro suke bi.

A nan aka fashe da dariya.

Dole in bayyana dalilin wannan dariya, domin yaran yanzu ba za su gane ba. Mu ba ma kwana a otel. Daga Garwa har Duwala, duk inda Bahaushe ɗan kasuwa ya sauka yana da mai masauki, ko ɗan'uwa, ko zauren malami. Ba a ba baƙo makulli, domin ba a kulle baƙo, kuma ba ya kulle kansa. A wurinmu makulli na mai gida ne, yana rataye a ƙugunsa ko a ƙusa bayan ƙofa, ba ya nisa da ƙofarsa. Otel kuwa wuri ne na giya da matan banza, wanda aka ga ya fito daga ciki sai ya nemi abin da zai ce. Alhazan cikinmu ma a gidan haya aka jibge su a Makka, ba wanda aka ba makulli.

Dogon dillali ya bari dariyar ta lafa, sannan ya gyara zama ya ce, "Ranka ya daɗe, ni jahili ne, a koya mini. Mutum ya sauka a gidan wani, ya ci ya sha, ya tashi ya tafi da makullin ɗakin, kuma mai gidan ya ƙyale shi? A wace ƙasa? To ga manya a zaune. Duk wanda ya taɓa kwana a otel a cikinmu ya taimaka ya gaya mana yadda ake yi."

Ba wanda ya motsa. A hannun dama na Sarkin Fawa akwai wani babban Alhaji mai loda shanu a jirgin ƙasa daga Ngawundare zuwa Yawunde. Na san ya san otel, domin shi da bakinsa ya taɓa ba ni labarin ɗakin da ruwan zafi ke fitowa daga bango. Na dube shi. Ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Akwai wasu biyu ko uku da nake zargin sun sani, su ma kowa ya sami abin kallo a tabarma. Dogon dillali ya ce to shi ke nan, babu, sai dai shaidar mai zuba giya wanda bai ma zo ba.

Sarkin Fawa ya juya ga Kawu ya ce ya kawo Bororon, ko ya faɗi rugarsa. Kawu ya ce ba zai faɗa ba, ya kuma faɗi dalili kamar yadda ya faɗa mini. Wani daga baya ya ce Bororon da ba shi da ruga ai aljani ne. Wani ya ce wataƙila shi ma yana ɗaki na sha takwas. Kawu bai waiwaya ba. Ya ce a kawo Alƙur'ani, zai yi alwala ya dafa ya rantse cewa daga hannun mai shi ya sayar da san nan, kuma daga Tuboro aka koro shi.

Wannan haƙƙinsa ne. Wanda ake tuhuma ba tare da shaidu ba, rantsuwa ce take wanke shi, ko yaron makarantar allo ya san haka. Da ya rantse da magana ta ƙare, domin ba wanda zai iya cewa komai bayan Littafi.

Sarkin Fawa ya dubi dogon dillali, ya dubi mutumin Jambutu, sannan ya yi magana a hankali, da murya mai taushi.

"Alhaji, kai babanmu ne. Ba za mu zauna muna kallo dattijo mai furfura ya dafa Littafi a kan sa ɗaya ba. In wani abu ya same ka, me za mu ce wa iyalinka? Mun yafe maka rantsuwa."

Kawu ya ce bai nemi a yafe masa ba. Aka ce an riga an yafe. Mutane suka yi ta cewa madalla, Sarki ya yi tausayi, Allah ya ƙara masa imani. 

Hukunci ya zo kashi biyu. Kawu zai biya mutumin Jambutu kuɗin sa. Kuma babu mahaucin da zai ƙara yanka dabba a kan lamuninsa sai ranar da ya kawo Bororon gaban Sarki. Kawu ya ce idan ya biya ya zama ɓarawo ke nan. Mutumin Jambutu ya ce shi bai matsa ba, yana da tsofaffin abokan aiki a jandarma, idan nan bai yi ba sai ya je can. Sarkin Fawa ya ce to Alhaji ya ji, ya zaɓa. Kawu yana da gonar dawar rani a fadamar kogi, wadda ya gada. Ita ya sayar.

Makullin bai dawo hannuna ba. Dogon dillali ya ce kayan shaida ne, ya buga ƙusa a ginshiƙin rumfar dillalai a kara ya rataye shi, daidai inda Kawu yake shimfiɗa tabarmarsa.

Kawu bai daina zuwa ba. Kowace ranar kasuwa yakan zo da wuri, da rigarsa a goge, ya zauna a ƙarƙashin makullin, domin ya ce idan ya canza wuri ya amsa laifi. Ba wanda yake kiransa ciniki. Sunansa ya ɓace a kara, ya koma Sha Bakwai. Masu koro shanu, waɗanda da ba sa iya ɗaga ido su dube shi, sukan wuce su ce, Baba Sha Bakwai, akwai ɗaki? Wani ya ce a gyara gado, jan bijimi yana tafe da baƙuwa. Idan aka kawo sa mai kumburin ciki sai a ce a kai wa Baba ya duba ko na Tuboro ne. Manya ba sa faɗa, amma ba sa hanawa, kuma sukan rufe baki da hannun riga.

Baƙinsa suka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya. Ban ga laifinsu ba. Bororo ya yi tafiyar kwanaki da dabba domin ya sayar, ba zai zauna a gidan da lamuninsa ba ya ciniki ba. Yawancinsu gidan dogon dillali suka koma. Ni ma na bi hukunci, ban ƙara saye ta hannun Kawu ba, domin wanda ya karya maganar Sarkin Fawa ba ya rataya nama a kasuwa. Abin da nake yi shi ne in aika masa da tsoka ranar Juma'a. Da farko yakan mayar da ita da saƙon cewa shi ba miskini ba ne. Daga baya ya daina mayarwa.

Wata rana babban Alhajin nan mai loda shanu a jirgi ya tsaya a teburina yana zaɓar hanta. Ya duba hagu da dama, ya rage murya, ya ce kukun nan bai yi ƙarya ba, shi kansa yana da irin makullin guda biyu a akwatinsa, daga Duwala ya taho da su bai sani ba. Yana faɗa yana murmushi, kamar mai ba da labarin ƙuruciya. Na ce me ya hana shi faɗa a zaure. Ya ce haba ɗan nan, shi mai 'ya'ya mata ne da ba su yi aure ba. Ya ce in ƙara masa ƙoda.

Bayan damina Bororon ya dawo da shanu. Tun a hanya ya ji labari, saboda haka kai tsaye gidan dogon dillali ya sauka. Na gan shi a kara na gane shi. Na tambaye shi da Fillanci a gaban mutane, ya ce jan san nasa ne, a garkensa aka haife shi, uwarsa ma tana nan da rai. Ya ce da rani sukan yi kiwo kusa da wani tsohon sansanin Turawa. Ya faɗa ba tare da damuwa ba, yana kallon shanunsa.

Na tafi wurin Sarkin Fawa na shaida masa. Ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce maganar kuɗi ta wuce, mutumin Jambutu ya riga ya aurar da 'yarsa da su, ba za a tayar da rigima da mai abokai a jandarma ba. Na ce to a ɗage hanin, tun da ga Bororon. Ya ce in tuna lafazin hukuncin, tun da ni mai son tsari ne. An ce sai ranar da Alhaji ya kawo shi. Alhaji bai kawo shi ba, shi ya zo da ƙafarsa, kuma a gidan wani ya sauka. Yanzu baƙon wani ne, ba a shiga tsakanin mai masauki da baƙonsa. Waɗanda ke zaune suka ce gaskiya ne, haka aka faɗa.

Da yammacin ranar na je gaya wa Kawu. Ban gama ba sai aka yi sallama, ga Bororon a ƙofar zaure. Kawu ya miƙe da sauri har hularsa ta goce, ya shimfiɗa masa tabarma da hannunsa, ya ce a kawo ruwa. Suka gaisa da Fillanci gaisuwa mai tsawo. Kawu ya tambayi shanu, ya tambayi ruwan bana, sannan ya tambayi yara. Mutumin ya ce duk lafiya, ba abin da ya taɓa su. Kawu ya ce madalla, ya sake cewa madalla.

Bororon bai zauna ba. Ya ce ya zo ne ya karɓi kayan da ya bari ajiya, igiyoyi da bargo da buta, domin can inda ya sauka ana jiransa. Kawu ya tsaya kamar bai ji ba, sannan ya shiga ciki ya fito da su da kansa, ya ajiye a gabansa. Mutumin ya tsuguna ya warware igiyoyin ya duba, ya kakkaɓe bargon, ya ɗaga butar ya kalli gindinta. Ta tsage, ruwa ba zai zauna ba. Ya ce lafiyarta lau ya bar ta.

Kawu ya karɓa ya duba, ya ce gaskiya ne, a hannunsa ta lalace. Ya koma ciki ya ɗauko butarsa ta alwala, ya zubar da sauran ruwan a bakin ƙofa, ya miƙa masa. Bororon ya jijjiga ta kusa da kunne, ya ɗaure ta a jikin bargon, ya yi godiya ya fita.